Zoben sukari da ƙaron Sudan

Duk wanda ya taɓa yin azumi a Omdurman ya san hilu-mur, jan abin shan nan da ake buɗa baki da shi. Tun cikin Sha'aban mata ke jiƙa dawa har ta tsira, su shanya, su niƙa. Aikin da tsiron ke yi shi ne wanda ɗanyen dankali ke yi wa kunun zaƙi a wurinmu: akwai sinadari a ciki, masana na ce masa enzayim, mai daddatsa sitaci ya koma sukari.

To, enzayim ɗin nan yana da wani ɗan'uwa, CGTase, da ake tatsa daga bakteriya. Shi in ya datsa sai ya ɗauki ƙwayar gulukos 6, 7 ko 8 ya ƙulla su zobe. Wani Bafaranshe, Villiers, ne ya fara ganin zobban a 1891. Bayan zoben na jituwa da ruwa, cikinsa kuwa maiƙo yake so, shi ya sa ƙamshi ko magani kan shige ramin ya zauna. Da shi ake haɗa Febreze mai kama wari, kuma kamfanin Wacker na Jamus na yin sa da masara a jihar Iowa ta Amurka.

Ina ruwan Kasuwar Libiya da wannan? Kafin 15 ga Afrilu, 2023, wannan kasuwa ta yammacin Omdurman ita ce Kantin Kwarinsu: yadi, takalma, turare, kayan sari zuwa Kordofan da Darfur, ga Hausawan Sudan na cin abinci a ciki. Yaƙi ya zo, aka wawashe ta, dakarun RSF suka yi zaune a wurin har ƙarshen Maris 2025 da soja suka ƙwace. Rumfa dai ana sake ginawa. Ni abin da ke damuna shi ne ƙaro, don yaƙin nan ya tsinke hanyarsa daga Kordofan zuwa Port Sudan.

Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da ƙaro, har Amurka ta tsame shi daga takunkumin da ta ƙaƙaba mata a 1997. Babban aikinsa a masana'anta shi ne riƙe man ƙamshi cikin lemon kwalba da garin ɗanɗano. Wani ɓangare na aikin nan sarrafaffen sitaci na yi, zobban sukari ma na yi. An taɓa gani: da farin shekarun 1970 ya sa ƙaro ya yi wuya, masu alawa da yawa suka koma sitaci, kuma ba duka suka dawo ba.

Ana cewa ƙaro ba shi da madadi. A lemon kwalba, har yanzu da gaskiya a maganar. Amma itacen ɗakwara sai ya shekara wajen biyar kafin a fara tsaga shi, masara kuwa wata huɗu ta isa. Manoman ƙaron Jigawa, Yobe da Borno da ke murnar tashin farashi su sa wannan a lissafi, tunda galibi ɗanye muke sayarwa a buhu, Faransa ta tace ta mai da shi gari. Kamfanin da ya kashe kuɗi ya sauya haɗinsa ba zai sake kashe wasu don kawai an buɗe hanyar Kordofan ba.