Fadan cocin da ya share wa ingantaccen iri hanya

Manomin Gaya ko Ajingi da ya shuka ingantaccen irin wake bana ya ci gajiyar wani fadan Katolika, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Daga 1856 zuwa 1863, Gregor Mendel ya duƙufa yana barbarar waken Turawa a lambun gidan ibadarsu da ke birnin Brno, har ya gano yadda tsiro ke gadon siffofin iyayensa. Kan wannan binciken masana iri suka ɗora aikinsu.

Shi ya sa nake takaici idan na ji uba, Musulmi ko Kirista, yana tsoron kimiyya za ta raba ɗansa da imani. Mendel dai bai ajiye Littafi Mai Tsarki ba. A 1868 ma aka naɗa shi shugaban gidan ibadar.