Ya Kamata A Dubi Halin Da Ɗaliban Bincike Ke Ciki A Jami'o'i

A kowace shekara jami'o'in ƙasar nan sukan ba da sanarwa suna kiran masu sha'awar karatun digiri na biyu da na uku, jama'a kuwa sukan amsa kira da ɗimbin yawa. A cikinsu akwai malaman makarantun sakandare, da ma'aikatan sakatariyoyin jihohi, da ƙananan malaman jami'o'in kansu, da kuma samari da 'yan mata waɗanda suka gama hidimar ƙasa aiki bai samu ba. A takarda, digiri na biyu abin shekara 2 ne, na uku kuwa shekara 3 ko ɗoriya kaɗan. Amma duk wanda ya taɓa zama a harabar wata jami'a ya san mutumin da ya shekara 7 ko 8 yana yawo da babi na uku a cikin jaka, ya kuma san wanda ya gaji ya tattara takardunsa ya koma gida ba tare da ya yi wa kowa sallama ba.

In aka tambayi dalili, amsar da aka fi ji ita ce ɗaliban zamani ragwaye ne, ko kuwa a ce yajin aikin malamai ne ya jawo. Maganar yajin aiki tana da ƙamshin gaskiya. A shekarar 1988 da 1992 an yi, a 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi wajen wata 9 ba ta aiki, sa'an nan a 2022 ta sake shiga daga 14 ga Fabrairu har zuwa 14 ga Oktoba. Ɗalibin aikin gona da ya shirya gwajin iri a gonar jami'a, damina guda ta wuce shi, dole ya jira baɗi. Wanda ya tara jini ko ƙwayoyin cuta a na'urar sanyi ta ɗakin gwaje-gwaje, da aka buɗe ƙofa sai ya tarar aikin shekara ya lalace. Duk da haka yajin aiki bai isa ya zama amsa ba, domin a shekarun da ba a yi shi ba ma jinkirin yana nan. Cutar ta fi haka zurfi, watau an ɗauki ɗalibin bincike tamkar mutumin da zai iya yin komi shi kaɗai da zarar ya biya kuɗin rajista.

Ba haka abin yake ba tun asali, kuma ba sai an je Ingila neman misali ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ba ta cika shekara 20 ba sai da Sashen Tarihinta ya yi suna a Afirka baki ɗaya. Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya baro Ibadan ya zo ya kafa sashen, bai tsaya ga koyarwa a aji kaɗai ba. An kafa shirin binciken tarihin Arewa wanda ya riƙa tattara littattafan Larabci da na Ajami daga hannun malamai da gidajen sarauta, a 1970 kuma aka buɗe Gidan Arewa a Kaduna, a gidan da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ya zauna, domin mai bincike ya sami wurin zama da takardun da zai duba. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne taron ƙara wa juna sani da ake yi a kai a kai, inda ɗalibi zai kawo babin da ya rubuta, a rarraba shi tun kafin ranar, malamai da 'yan'uwansa ɗalibai su karanta, sa'an nan a zauna a yi masa filla-filla ba sani ba sabo. Daga wannan zama ne aka sami kundin Yusufu Bala Usman a kan Katsina, wanda aka buga littafi a 1981, da na Sa'ad Abubakar a kan Lamiɓen Fombina, da na Mahmud Modibbo Tukur a kan yadda Turawan Ingila suka kafa mulkinsu a Arewa, da na Abdullahi Mahadi a kan sarauta da tattalin arzikin Kano. Waɗannan mutane haziƙai ne, babu mai musu, amma haziƙancinsu ya tarar da jama'ar da ta wasa shi.

Wannan tsari ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Almajirin ilmi a zaure ba ya karanta littafi shi kaɗai a ɗaki ya fito ya ce ya sani. Yakan zauna gaban malami ya biya, 'yan'uwansa suna saurare, sau da yawa kuma unguwa ce ke ɗauke da tuwonsa da wurin kwanansa har ya sauke ya karɓi ijaza. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta domin ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Mutanen da sun gane cewa mai neman ilmi mai zurfi yana bukatar malamin da ke da lokacinsa, da abokan karatu, da abin sa wa a baka.

To, ina aka kwana? Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira, ɗakunan karatu suka kasa ci gaba da sayen mujallun ilmi daga waje, manyan malamai da yawa suka yi ƙaura. Daga baya aka yi ta buɗe sababbin jami'o'i na tarayya da na jihohi da na 'yan kasuwa, alhali kuwa masu digiri na uku ba su ƙaru daidai da haka ba. Sakamakon shi ne farfesa guda yana koyarwa a jami'arsa, yana kai ziyarar koyarwa wasu biyu ko uku, yana riƙe da wani ofis, ga kuma jerin ɗaliban bincike da aka rataya masa waɗanda ko sunayensu da ƙyar yake riƙewa. Ɗalibi ya miƙa babi, sai ya yi wata 4 ko 5 yana sintiri a bakin ofis. Kunya da ladabi sun hana shi ƙorafi, tsoro kuma ya hana shi kai ƙara, domin ya san makomarsa tana hannun mutum guda. Ba dukkan laifin ke kan malamin ba. Jakin da aka labta wa kaya fiye da ƙima, in ya durƙushe ba shi za a tuhuma ba. Amma akwai malaman da suka mai da wannan rauni na ɗalibi abin amfani, kuma a wasu sassa ranar kare kundi ta zama kamar ranar suna, ɗalibi ne zai kawo abinci da lemo, har da ambulan. Wannan al'ada abin kunya ce, kuma Majalisar Dattawan kowace jami'a tana da ikon kashe ta da takarda guda in ta so.

Maganar kuɗi kuwa ita ce ƙashin bayan al'amarin. A 1993 aka kafa asusun harajin ilmi, inda kamfanoni ke biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu, a 2011 aka mai da shi asusun manyan makarantu, watau TETFund, a 2023 kuma harajin ya kai kashi 3. Babu mai hankalin da zai raina aikin da wannan asusu ya yi. Gine-ginensa suna nan a kowace haraba, kuma malamai da yawa da kuɗinsa suka yi digiri na biyu da na uku a gida da waje. Sai dai tallafin karatun nasa na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne. Yarinyar da ta fito da sakamako mafi kyau a sashen kimiyyar harhaɗa magunguna, in ba a ɗauke ta aikin koyarwa ba, ba ta cikin lissafi. Ita za ta biya rajista, ta sayi sinadarai da kuɗin da Dala ke yanke wa farashi, ta zuba wa janareton sashe mai, ta biya kuɗin buga maƙala a mujalla kafin a yarda ta kare kundi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki Naira a watan Yuni har Dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta haura 1,500 a 2024, wannan nauyi ya wuce abin da ɗan talaka zai iya ɗauka. In aka bar abin haka, digiri na uku zai zama na mai hali ko mai albashi kaɗai, kuma ba kullum ne mai hali yake zama mai basira ba.

A ƙarshen 2024 asusun ya ba da sanarwar dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga farkon 2025, saboda tsadar canji da kuma yawan waɗanda ke ƙin dawowa. Ana iya fahimtar dalilin. Amma wanda ya rufe ƙofar waje ya ɗaukar wa kansa alhakin gyara cikin gida. Kuɗin da za a kashe wa mutum guda a Ingila zai ciyar da ɗalibai da dama a Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, ya kuma saya musu kayan aiki. Ya kamata a ware wani kaso na wannan rara a mai da shi alawus na wata-wata ga ɗaliban bincike na cikakken lokaci, a ba da shi ta hanyar gasa a fili, ko mutum ma'aikacin jami'a ne ko ba ma'aikaci ba. A Ingila hukumar da ke raba kuɗin bincike tana yanka mafi ƙarancin alawus da za a ba ɗalibin da ta ɗauki nauyinsa, wanda ya kai Fam 19,237 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025. Ba wanda ke cewa Nijeriya ta biya haka. Abin ɗauka shi ne an amince bincike aiki ne, mai yin sa kuwa sai ya ci.

Masu riƙe da baitulmali za su ce ɗaliban digirin farko sun fi yawa, azuzuwansu sun cika maƙil, su ya kamata a fara dubawa. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai tana cin kanta, domin malamin da zai tsaya gaban wannan aji nan da shekara 10 shi ne ɗalibin binciken yau. Afirka ta Kudu ta gane haka, shi ya sa a shirinta na ƙasa na 2012 ta sa wa kanta burin yaye masu digiri na uku 5,000 a kowace shekara kafin 2030, kuma gwamnatinta tana saka wa jami'a da kuɗi a kan ɗaliban da suka gama, ba waɗanda suka yi rajista kaɗai ba. Jami'ar da ta san ribarta tana ga kammalawar ɗalibi ba za ta bar shi ya shekara 8 tana karɓar kuɗin sabunta rajista ba.

Sai batun horo. An saba a koya wa ɗalibi darasin dabarun bincike na zango guda, a yi jarrabawa, shi ke nan. Daga baya sai a saka kundinsa a manhajar Turnitin domin a kama satar rubutu, alhali ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa yadda ake ɗauko maganar wani a danganta ta ga mai ita ba. Tarko kenan ba tarbiyya ba. A Ingila, rahoton Sir Gareth Roberts na 2002 ya ba da shawarar a ware aƙalla mako 2 a kowace shekara domin koya wa ɗalibin bincike irin waɗannan abubuwa. A nan ma an ga samfurin haka a cibiyoyin da Bankin Duniya ya tallafa wa daga 2014, kamar Cibiyar Noman Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero da cibiyar nazarin cututtukan da aka yi wa sakaci ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ɗalibai daga Nijeriya da maƙwabtanta suka sami kayan aiki da bita da tallafi. Abin tambaya shi ne me ya sa sai da kuɗin waje ake iya yin haka, kuma me zai hana Makarantar Karatun Gaba da Digirin Farko ta kowace jami'a ta ɗauki darasin, maimakon ta tsaya ga karɓar fom da buga hatimi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, watau kaɗaici. Ɗalibin digirin farko yana da ajinsa da ƙungiyarsa da abokan ɗakinsa. Na bincike kuwa, da zarar an gama darussan shekarar farko sai kowa ya watse. Ɗakunan kwanansu kaɗan ne, mai iyali ba shi da wuri, matar aure mai goyo da ta taho daga wani gari domin ganin malaminta sai ta kwana gidan dangi ko ta juya a ranar. Wasu damuwa takan kama su har su kasa barci, ba su da wanda za su gaya wa. Ɗaki guda a kowane sashe mai tebura da wutar rana da intanet, da taron ƙara wa juna sani wanda ba a ɗagawa don shugaban sashe ya yi tafiya, ba za su ci rabin kuɗin ƙofar shiga mai ado ba.

Ma'aikatun gwamnati su ma suna da nasu rabo a wannan magana. Ma'aikacin da aka hana hutun karo ilmi yakan koma satar ranakun Jumma'a da Asabar, ya cuci ofis ya cuci karatu. Wanda aka ba hutun kuwa, in ya dawo ba mai tambayarsa abin da ya gano, ko da kundinsa a kan harajin jihar ne ko ruwan shan garinsu. Kundin Mahmud Tukur da aka kammala a 1979 sai a 2016 aka buga shi littafi, a Dakar, shekara 28 bayan rasuwarsa. Ya kamata Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta tsaya a kan iyakar yawan ɗaliban da malami guda zai duba, ta wajabta wa'adin mayar da babi ga mai shi, ta kuma tanadi ofishin da ɗalibi zai kai kuka ba tare da ya rasa digirinsa ba. Shugabannin ma'aikata na jihohi kuma su nemi kowane ma'aikacin da ya dawo daga karatu ya ajiye kwafin kundinsa a ma'aikatarsa, ya yi wa abokan aikinsa bayaninsa da Hausa ko Turanci kafin a sa hannu a takardar ƙarin girmansa.