Ba inji ke yin gahawa mai daɗi ba

1/ Jiya wani ɗan ɗakinmu ya gan ni ina tace gahawa da ƙyalle, ya bushe da dariya wai koko nake damawa. Shi da ke juye ledar 3-in-1 biyu a kofi ɗaya ya ƙara sukari cokali uku. To yau sai na fitar da abin da ke raina. Ku gyara zama.

2/ Abin da ke cikin ledar nan an riga an dafa shi a masana'anta, aka busar ya koma gari. Tun 1938 Nestlé ta fito da Nescafé. Ba laifi ba ne sha, amma ɗumame ne. Juya ledar 3-in-1 ka karanta: yawanci sukari ne a farkon jeri, gahawar tana can baya. Ruwan sukari kake sha, malam.

3/ Ku ma 'yan gayun Instagram ban ƙyale ku ba. Kun sa yara sun ɗauka sai da inji mai tsadar babur ake shan gahawa ta gaske. A ɗakin da wuta ke zuwa kamar baƙuwa? Haba.

4/ Abu uku ne sirrin: gari, ruwa, lokaci. Gram 60 ga lita ɗaya, wato kusan cokalin cin abinci biyu cike ga kofi guda. Zafin ruwa tsakanin 90 da 96. Ba ka da ma'auni? In buta ta tafasa, sauke ta, jira kamar minti ɗaya. Kuma niƙa ƙwayar lokacin da za ka sha, don ƙamshin gari ba ya jira.

5/ Tacewa. A 1908 wata matar aure a Dresden ta Jamus, Melitta Bentz, ta gaji da ƙasa-ƙasar gari a bakinta. Ta huhhuda gindin kwanon tagulla, ta shimfiɗa takardar tsotse tawada daga littafin ɗanta. Daga nan matatar takarda ta samo asali. Ƙyallena da ake wa dariya ɗan uwanta ne.

6/ Yadda nake yi: jiƙa garin da ruwa kaɗan, bar shi ya kumbura daƙiƙa 30, sannan zuba sauran a hankali. Minti uku zuwa huɗu an gama. Tana fita tas, ba nauyi. Sharaɗi ɗaya: wanke ƙyallen nan take, in ba haka ba gobe warin tsohon mai za ka sha.

7/ French press. Gari mai tsakitsaki, minti huɗu, ka danna. Ta fi kauri don man gahawar na wucewa. Amma a cikin man akwai sinadarin da ke ɗaga kolestarol, wanda takarda ke tarewa. Mai sha kullum ya san da wannan.

8/ Butar moka, wadda Bialetti ya fitar a Italiya a 1933. Risho ko gas ya ishe ta, ba ruwanta da lantarki. Tana da ƙarfi sosai. Wuta kaɗan-kaɗan, da ta fara gurnani ka sauke. In ka tsaya duba waya, ɗaci za ka sha kamar maɗaci.

9/ Jabana kuwa, tambayi 'yan uwanmu na Sudan. A gasa ƙwaya a kan gawayi, a daka a turmi, a dafa a butar ƙasa, a sa citta. Ita tafasa ta ake yi, shi ya sa ake shanta a 'yan mitsi-mitsin kofuna ana hira. Ba ta mai gaggawar lacca ƙarfe takwas ba ce.

10/ Hukuncina ga ɗalibi: tacewa ta ɗaya, don arha da sauƙi. Moka ta biyu in kana son ƙarfi. French press ta uku, gilashi ce, a ɗakin mutum shida kwananta ƙirgagge ne.

11/ Abin da ya fi ƙona min rai: ana noman gahawa samfurin arabika a tsaunin Mambila da ke Taraba. Muna da ita a gida, amma da yawanmu ba mu taɓa ganin ƙwayarta da ido ba. Leda kawai muka sani.

12/ Ga 'yan kwanan karatu: kafin yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Ka sha ƙarfe goma sha biyun dare, da asuba rabi na nan. Na taɓa shiga jarrabawa hannuna na rawa, kaina fayau. Yanzu daga la'asar na rufe.

13/ Ɗan ɗakin nan nawa ya ɗanɗana da safen nan. Bai ce komai ba, sai dai ya tambaye ni inda na sayi ƙyallen. Gwada mako guda ba leda, ka dawo nan mu yi musu.