Babbar mota a ƙofar gida: me take ci bayan an biya kuɗinta?



A makon da ya wuce, cikin shirinmu na yamma da muke buɗe layi, wani ɗan uwa da ke aiki a Beljik ya turo mana saƙon murya. Ya tara abin da Allah ya hore masa, yana son ya aiko wa gida babbar mota don tsohuwarsa da iyalinsa su huta da wahalar tasha. Ƙannensa sun matsa sai BMW ko Range Rover, saboda irinta wani maƙwabci ya kawo lokacin sallah. Shi kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai ya nemi shawara. Kafin a rufe shirin waya ba ta huta ba. Wasu na cewa kowa da kuɗinsa, wasu na cewa almubazzaranci ne. To, mun ga ya dace mu zauna mu yi lissafin a rubuce, don wanda ke Abijan ko Aljeriya ya karanta, na gida kuma a karanta masa a fada.

Kat-kat iri biyu ce

A wurinmu duk mota mai tsayi kat-kat ce, in ta ƙara girma mu ce V8. Amma kashi biyu ne, kuma nan ne mutane ke yin kuskure.

Kashi na farko su ne irin Toyota Land Cruiser da Prado. An ƙera su don rairayi, da laka, da hanyar da babu gudron. Shi ya sa su ne motocin sojoji, da ƙungiyoyin agaji, da masu ratsa hanyar Tawa zuwa Agadas. Land Cruiser 200, wadda ta jawo sunan V8, an yi ta daga 2007 zuwa 2021. Wadda ta gaje ta, wato 300, injin V6 ne gare ta, amma har yau baki ya saba, V8 muke ce mata.

Kashi na biyu su ne waɗanda ƙannen ɗan uwanmu ke so: BMW X5 M, Porsche Cayenne, Range Rover Sport, Mercedes masu tambarin AMG. Jikinsu na kat-kat ne, amma injinsu na motar tsere ne. Porsche ta fito da Cayenne a 2002, don mai kuɗin Turai ya ɗauki matarsa da yaransa cikin mota ɗaya kuma ya yi gudun da yake so. Ku ɗauki BMW X5 M Competition: ƙarfin doki 625, daga tsaye ta kai gudun kilomita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, tana iya kai 250 a awa, nauyinta ya haura tan biyu. An yi ta ne da tunanin manyan hanyoyin Jamus, inda a wasu wurare babu iyakar gudu, an killace hanya, babu jaki, babu amalanke, babu yaro mai tallar goro. Kujerunta kuma biyar ne kacal. Ku duba gidan Bahaushe ku gaya mana wa zai shiga, wa za a bari.

Kuɗin saye da hanyar zuwa

Sabuwar X5 M a Turai ta haura yuro dubu 140, wato sama da miliyan 90 na sefa. Ko su can hukuma ba ta ƙyale masu irinta ba. A Faransa harajin hayaƙi da ake ɗora wa sabuwar mota mai shan mai da yawa ya kai yuro dubu 60 a 2024. A birnin Paris kuma an yi ƙuri'a a watan Fabrairun 2024 aka ninka kuɗin ajiye manyan motoci a bakin titi har sau uku.

Mafi yawan waɗanda ke isowa nan dai 'yan hannu ne, masu shekara takwas, goma ko fiye. A can farashinsu ya faɗi warwas, har ɗan ci-rani ya ga kamar tsintuwa ce. Amma ku tambayi kanku dalilin faɗuwar. Mai ita na farko ya more ta lokacin da kamfani ke ɗauke da gyara, ya rabu da ita daidai lokacin da manyan kashe-kashen kuɗi za su fara. Wasu kuma, musamman masu fitowa daga Amurka, motoci ne da suka yi haɗari ko ruwa ya ci, kamfanin inshora ya yi gwanjonsu, aka gyara jiki aka fesa fenti. Araha ba ta ado.

Sai hanya. Da, mota na sauka Kwatano, ta hau ta Malanville, ta ƙetare gada ta shigo Gaya, tafiyar kilomita dubu da 'yan kai zuwa Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 wannan iyaka ta rufe. CEDEAO ta ɗage takunkumi a watan Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar ɓangarenta a rufe bisa dalilan tsaro. Kaya suka koma bin Lome, su ratsa Burkina cikin ayari da rakiyar sojoji. Hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru, kuɗin dako ya hau. Bayan haka ga duwan, ga takardu, ga inshora, ga binyet duk shekara, wadda ke hawa gwargwadon ƙarfin injin. Duk wannan kafin taya ta taɓa ƙofar gida.

Abincinta na kullum

Mutanen Damagaram sun san doki. Sayensa rana ɗaya ne, amma harawa, da dusa, da kanwa, da yaron da zai kula da shi, kullum ne. Haka motar nan take.

Mu yi lissafi a fili. A watan Yulin 2024 gwamnati ta tsaida litar esansi a kan sefa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya, gazuwal kuma 618. Kamfanin BMW da kansa ya ce X5 M na shan kusan lita 13 a kilomita 100, kuma wannan a gwajin da aka yi cikin natsuwa ne. Daga Yamai zuwa Maraɗi kusan kilomita 660 ne. Ke nan lita 86, kusan jika 43, zuwa kaɗai. Mafi ƙarancin albashin ma'aikaci a ƙasar nan jika 42 ne a wata. Tafiya ɗaya ta shanye albashin mai gadi na wata guda, ba a yi maganar dawowa ba. In aka kunna kilim cikin zafin watan huɗu, aka taka wuta, lissafin ya wuce nan.

Samun man ma wani abu ne. Matatar SORAZ ta Damagaram, da aka buɗe a 2011, ganga dubu 20 take iya tacewa a rana. Shekaru da yawa man da ke ƙetarowa daga Najeriya ne ke cike giɓin, har sai da Shugaba Tinubu ya cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, man can ya yi tsada, jama'a suka koma gidajen mai. Ba mu manta da watan Maris na 2025 ba, yadda layi ya miƙe a Yamai da sauran garuruwa, mai kabu-kabu da mai V8 duk a rana ɗaya. Kuma injin waɗannan motoci yana da tsantsani: littafinsu na neman esansi mai lamba 98, ko aƙalla 95. Man kwalba na 'yan ruwa-ruwa a bakin hanya, wa ya san lambarsa, wa ya san abin da aka gauraya masa?

Ranar da ta tsaya

Land Cruiser in ta lalace a Ƙonni ko Tasawa, da wuya a rasa makanike da ya san cikinta, kayan gyaranta kuma na nan a kasuwa. Ɗayar kuwa kwamfuta ce mai taya huɗu. Fitila ɗaya ta kunna a gaban direba, sai an nemo mai na'urar da zai karanta ta, kuma ba kowane gareji ke da shi ba. Tayoyinta manya ne amma robar gefensu siririya ce, an yi su don riƙe kwalta mai santsi. Rami ɗaya mai kaifi na iya fasa taya har ya lanƙwasa ƙarfen. Da yawa daga cikinsu a kan jakunkunan iska suke zaune maimakon sifirin. In jakar ta tsage da zafi da ƙura, sai ka wayi gari motar ta durƙusa kamar raƙumi. Kayan sai an yi odarsu daga Kano, ko Legas, ko Dubai, a jira makonni.

Duk mun san irin gidajen nan: babbar mota a zaure an lulluɓe ta da tampol, awaki na kwana ƙarƙashinta. Sannan wayar da ake buga wa ɗan uwa na waje ta sauya. Da ana cewa turo na hatsi, turo na makarantar yara, yanzu turo na gyaran mota. Abin da aka aiko don hutu ya zama bashi a wuyan wanda ya aiko.

Gudu da rayukan mutane

Nan ne maganar ta fi mana nauyi, domin kuɗi ana mayarwa, rai ba a mayarwa. Babbar hanya mai lamba 1, daga Yamai zuwa Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Damagaram har Diffa, ta cikin ƙauyuka take ratsawa. Ranar kasuwa hanyar ce kasuwar. Akwai amalanken shanu ba fitila, akwai garke, akwai 'yan makaranta.

Cikin motar nan ba ka jin gudu. Gilashi a rufe, sanyi na busawa, injin shiru, kana 160 kamar kana 80. Amma a gudun 160 mota na cin mita 44 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya gani ƙafa ta kai birki, an shafe wannan. Kuma in gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata ninki huɗu yake yi. A 80, kan kwalta mai kyau, za ka tsaya cikin kusan mita 50. A 160 sai ka wuce mita 150, ya fi tsawon filin ƙwallo. Yaron da ya biyo akuyarsa bai san wannan lissafi ba. Gaban motar kuma dogo ne, daidai ƙirji da kan yaro. Na ciki ma ba su tsira ba: mota mai tsayi ta fi saurin kifewa in aka kauce da ƙarfi, kuma jakar iska ba ta ceton yaron da ke tsaye tsakanin kujeru ba bel.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce haɗarin hanya na kashe kusan mutum miliyan ɗaya da dubu 190 a shekara, Afirka ce ta fi kowa asara in aka auna da yawan jama'a, kuma fiye da rabin mamatan masu tafiya ƙasa ne da masu keke da babur. Wato talakawan bakin hanya, danginmu.

To, me za mu ce wa ɗan uwanmu?

Ba mu ce kat-kat ba ta da amfani ba. Wanda ya taɓa ganin mace na naƙuda cikin damina, korama ta cika, ƙaramar mota ta kasa ƙetarewa zuwa likita, ya san darajarta. Ba mu kuma ce wanda ya nemi halalinsa kada ya more ba. Abin da muke cewa, a zaɓi mota da hanyar da za ta bi, da aljihun wanda zai riƙe ta.

Kafin ka biya, ka tambayi makaniken garinku ko ya san irinta, ko akwai kayanta kusa. Ka karɓi lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ka binciki tarihinta a intanet tun tana can. Ka rubuta kuɗin mai, taya, inshora da gyara na shekara ɗaya, ka ga ko akwai mai ɗaukarsu ba tare da an taɓa rumbu ba. Ka san wanda zai riƙe makulli, domin ƙarfin doki 600 a hannun saurayi mai sabon permi ba alheri ba ne. Mutanenmu na bakin iyaka, wajen Madarunfa da Gidan Rumji, su ƙara da tunanin tsaro, domin mota mai ƙyalli na sanar da kowa gidan da ke da kuɗi.

Hukuma ma da nata: awon gudu a mashigar garuruwa, alamomin hanya, da hukunci iri ɗaya ga mai babur da mai V8.

Idan a garinku akwai irin wannan mota, ko tana tafiya ko tana lulluɓe, ku kira mu a shirin yamma ku ba mu labari. Masu tuƙi kuma, tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah ya kai kowa gida lafiya.