Rigar Ulu ta Ƙasar Ayislan: Farin Jini Ya Jawo Jabu

Duk baƙon da ya sauka a Reykjavik, babban birnin ƙasar Ayislan da ke can arewacin Tekun Atlantika, da wuya ya koma gida bai sayi rigar sanyin nan ta saƙar hannu wadda mutanen ƙasar ke kira lopapeysa ba. Wannan farin jini shi ya buɗe wa masu saƙar kasuwa, shi ne kuma ya jawo musu matsala.

Asirin rigar yana jikin tumakin ƙasar, waɗanda gashinsu hawa biyu ne. Na waje dogo ne mai ƙarfi wanda ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, na ciki kuwa mai laushi ne mai riƙe ɗumi. Akan haɗa su a yi zaren da ba a murɗa shi sosai ba, watau lopi, saboda haka rigar ga ɗumi ga rashin nauyi. Ana gane ta da adon da ke kewaye wuya da kafaɗu.

Rigar dai ba daɗaɗɗiya ba ce. Wajen 1950 ta fara bayyana, jim kaɗan bayan ƙasar ta rabu da Denmark ta zama jamhuriya a 1944, sa'an nan sannu a hankali jama'a suka ɗauke ta tamkar tutar ƙasa. Da manyan bankunan ƙasar uku suka durƙushe a 2008, mutane da yawa suka koma ga saƙa. Daga bisani masu yawon buɗe ido suka yi ta kwarara, har suka zarce miliyan 2 a 2017, alhali 'yan ƙasar duka ba su kai 400,000 ba.

Da buƙata ta fi ƙarfin hannuwan da ke saƙa, sai wasu 'yan kasuwa suka shiga aika ulun zuwa ƙasar Sin, inda lada ke da araha, a saƙa a can a komo da shi kantunan Reykjavik. Ƙungiyar Masu Saƙar Hannu, wadda aka kafa a 1977, ta tsaya kai da fata, har a 2020 Hukumar Kula da Abinci da Lafiyar Dabbobi ta ba sunan rigar kariya. Bisa sharuɗɗan, ba a kiran riga “Íslensk lopapeysa” sai ulunta sabo ne daga tumakin ƙasar, kuma da hannu aka saƙa ta a cikin ƙasar.

Amma suna kawai dokar ta kare. Ba ta hana sayar da rigar da aka saƙo a waje ba, muddin ba a liƙa mata wannan suna ba. Riga guda kan ci wa mai saƙa kwanaki, don haka ba yadda za a yi farashinta ya yi daidai da na waccan. Ke nan makomar sana'ar tana hannun mai saye: ko zai duba takardar da ke wuyan rigar, ya kuma yarda ya biya ladan wahalar wadda ta saƙa.