Filin Mota: Kafin A Tayar Da Tsohuwar Peugeot

Jama'a, duk wanda ya ƙudura niyyar tayar da tsohuwar Peugeot 504 tun daga tushe, to, ya fara da lissafi kafin ya kama sifana. Motar nan ta fito a Faransa a 1968, kuma masana'antar Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta daɗe tana haɗa ta. Saboda haka akan sami kayanta a Apo nan Abuja, da Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano.

Da farko a duba gangar jiki. Idan tsatsa ta cinye ƙasan mota, sayen inji asara ce. Sa'an nan inji: na 505 mai lita 2 ɗan gida ne, yakan zauna ba wahala. Amma wanda ya ɗauko na Japan, sai ya sake giya, da mazaunin inji, da wayoyi, ya kuma ƙarfafa birki. Bayan haka a kai lambar sabon injin ofishin VIO, don takarda ta dace da mota. Fenti shi ne ƙarshe.

A tanadi kuɗi da kaya kafin a kwance noti ɗaya, gama motoci da yawa sun ruɓe a gareji don guzuri ya ƙare. Ba a fafe gora ranar tafiya.