Ina Dattijo Zai Jingine Sandarsa?

Makon jiya, a wani banki cikin garin Sakkwato, na ga wani dattijo ya jingine sandarsa jikin kanta domin ya sa hannu a takarda. Sandar ta zame ta faɗi. Ba ya iya sunkuyawa, sai ya dafe kanta yana jiran mai tausayi.

A Turai ana sayar da wani ɗan maƙali mai maganaɗisu da ake ɗaurawa jikin sanda, ta manne wa ƙarfen da ke kusa. Amma fa maganaɗisu ba ya kama katako ko alminiyum, balle bangon siminti. Ke nan a wurinmu sai an kafa ɗan faifan ƙarfe a jikin kanta, da wurin alwala, da makewayi. Maƙeran Assada za su gama wannan aiki kafin azahar.

Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Wa'adin ya cika tun 2024. Dattijon nan kuwa, sai da maigadi ya baro ƙofa ya miƙa masa sandarsa.